Gayyar Soɗi a Zauren Zane na Faris

Hausawa sun ce, bikin farar kaza, balbela ba gayya. Watau wanda ya dace da wuri ba ya bukatar takardar kira. To, amma wa zai ce ya dace, mai ƙofa ko mai ido? Domin mu gwada wannan magana, yau za mu duba wani zane guda na wani Bafaranshe, Gustave Courbet, wanda aka haifa a Ornans cikin 1819.

Ku sani, ya ku 'yan makaranta, a zamanin nan akwai wani babban taro a birnin Faris da ake kira Salon, inda masu zane kan rataye aikinsu jama'a su gani. Bisa al'adarsu, babban zane sai don babban al'amari: sarakuna, ko yaƙi, ko labarun annabawa da mutanen dā. Talaka kuwa, in an zana shi, sai a ɗan ƙaramin allo.

Sai Courbet ya koma garinsu cikin 1849, ya sami ƙyalle mai faɗin ƙafa 22 da tsayin ƙafa 10, ya zana jana'izar wani mutumin ƙauye. Ya kira mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya ya ɗauki kamanninsu, mutum fiye da 40, kowa da girmansa kamar yadda Allah ya halicce shi. Da aka kai zanen Salon a ƙarshen 1850, masu sharhi suka yi ca a kansa, suka ce muni ne kawai. Lalle abin da ya ɓata musu rai shi ne, ƙauyawa sun shigo zauren manya ba wanda ya gayyace su, sun kuwa tsaya a wurin sarakuna.

Bari mu dubi zanen da kansa. Kabarin yana gaba, a buɗe, har bakinsa ya kai gindin ƙyallen, sai ka ce mai kallo ma a bakin ramin yake tsaye. Mai haƙa ya durƙusa yana jira. Limamin coci yana karatu, ga ma'aikatansa biyu cikin jajayen riguna, hancinsu jajawur. A dama mata ne cikin baƙaƙen tufafi, waɗansu sun rufe fuska da hankici. Ga wani farin kare ya juya kai, ba ruwansa da abin da ake yi. A baya duwatsun Ornans sun miƙe, kawunan mutane sun jeru a ƙarƙashinsu, ba wanda aka ɗaukaka bisa wani. A ganinmu ƙarfin zanen ke nan. Duk wanda ya taɓa raka gawa ya san haka makoki yake: wani na kuka, wani hankalinsa na gona, wani ya ƙosa a tashi. Mai zanen bai ƙawata ko ɗaya ba, ya bar mutuwa ta daidaita su.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Tun da yake ɗaiɗai ya zana su, a ɗakin da ba shi da filin da zai ja da baya ya hangi aikin duka, waɗansu sun fito kamar an jera su ne, ba taruwa suka yi ba. Baƙin tufafin matan kuma ya cuɗe, ido ba ya saurin rarrabe su. Amma alƙalan ƙofa ba wannan suka duba ba.

Cikin 1855 aka yi babban baje kolin duniya a Faris. Alƙalai suka karɓi zanensa 11, suka ƙi wannan da wani babba da ya yi na ɗakin aikinsa. Courbet bai yi zuciya ya tafi gida ba. Ya gina rumfa tasa da kuɗinsa kusa da wurin taron, ya rataye zane wajen 40, ya sa kuɗin shiga faran ɗaya. Mutane ba su zo da yawa ba, har ya rage kuɗin. Amma Eugène Delacroix, babban mai zane na zamanin, ya shiga ya daɗe yana kallo, ya rubuta cikin littafinsa na yau da kullum cewa zanen ɗakin aikin da aka ƙi yana cikin na ban mamaki a zamaninsu.

Hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. Cikin 1863 Sarki Napoleon na Uku ya yi umurni a nuna ayyukan da alƙalai suka ƙi a wani zaure dabam. Cikin 1874 kuma su Claude Monet suka yi nasu taron ba tare da neman iznin Salon ba. Courbet ya rasu cikin 1877 a ƙasar Suwizalan. Cikin 1881 ƙanwarsa ta ba gwamnatin Faransa zanen jana'izar, yau kuwa yana cikin dukiyar gidan ajiya na Orsay a Faris.

Kada ku ɗauka duk wanda aka kora gwani ne. Da yawa cikin waɗanda aka ƙi a 1863 an manta da su, ba a kuwa zalunce su ba. Abin da muke so ku riƙe shi ne, in an sa aiki a gabanku, zane ne ko waƙa ko littafi, kada ku fara tambayar wa ya gayyato shi. Ku tsaya ku duba, gama gani ya kori ji.