Sharhi a Kan Koyar da Haruffan Wuri na Ingilishi ta Hanyar Faransanci: Misalin Waca

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya sa tilas a sake duba yadda ake koyar da Ingilishi, musamman a yankuna irin na Waca, Magarya da Dungas a jihar Damagaram, inda jama'a ke hulɗar yau da kullum da kasuwannin Nijeriya kamar Maigatari da Baɓura. Sharhin nan ya tsaya ne a kan abu guda: ƙananan kalmomin da ke nuna wuri, wato haruffan wuri, irin su «at», «in» da «on».

Hanyar da aka saba bi ita ce a rubuta wa ɗalibi jadawali mai layi uku: «à» daidai da «at», «dans» daidai da «in», «sur» daidai da «on». Jadawalin yana da sauƙin haddacewa, amma ginshiƙinsa ba shi da ƙarfi, domin «à» na Faransanci yana aikin da Ingilishi ya raba wa haruffa da dama. «À la porte» shi ne «at the door», «au mur» shi ne «on the wall», «au Niger» kuwa «in Niger». Ɗalibin da ya riƙe jadawalin da gaskiya zai yi kuskure sau biyu cikin waɗannan uku, kuma ba laifinsa ba ne.

Babban aibin hanyar shi ne ta tsallake harshen da yaron Waca ya tashi da shi. Hausa tana da harafi ɗaya na gama-gari, wato «a», sannan tana fayyace wurin da sunaye, galibi na sassan jiki, haɗe da «-n»: «cikin» daga ciki, «kan» daga kai, «bakin» daga baki, «bayan» daga baya, «gindin» daga gindi. Paul Newman ya yi bayanin wannan tsari a babban nahawunsa na shekarar 2000. Saboda haka wurare ukun nan da «à» ya cakuɗa, Bahaushe ya riga ya bambanta su: a bakin ƙofa, a jikin bango, a cikin Nijar.

Akwai inda Hausa da Ingilishi suka dace sarai, Faransanci ne ya shiga tsakani ya ɓata. Bafaranshe yana cewa «sur la photo», jadawali ya kai ɗalibi ga «on», alhali Ingilishi «in the picture» yake cewa, daidai da «a cikin hoto». Haka kuma Faransanci yana amfani da «à» ga zama da kuma tafiya: «il est à Zinder», «il va à Zinder». Daga nan ne ake samun kuskuren «he goes at Zinder». Hausa ba ta haɗa su: ya kwana a Damagaram, amma ya tafi Damagaram, ko tafiya zuwa Damagaram. Yaron da aka tuna masa wannan ba zai sha wahalar raba «in» da «to» ba. Ko «at» ma, da ya fi ba ɗalibai wuya, yana da makusanci: «yana kasuwa» ya yi daidai da «at the market», «yana cikin kasuwa» kuma da «in the market».

Duk da haka, kada a musanya jadawali da wani jadawalin. Hausa ma tana da inda take saɓawa da Ingilishi. Tsuntsu yana kan bishiya, amma Ingilishi «in the tree» yake cewa. «Cikin mota» ya wadatar ga kowace mota, alhali ana cewa «in the car» amma «on the bus». Har masu harshen ba su daidaita ba: a Ingila an fi jin «in the street», a Amurka «on the street». Irin waɗannan sai a koye su a dunƙule tare da sunan da suke bi.

Abin da ya kamata masu tsara manhaja da na yaƙi da jahilci su yi shi ne su tanadi littafin malami da zai fara daga Hausa kai tsaye. A soma da wuraren da harsunan biyu suka dace, a keɓe inda suka saɓa a darasi na daban, a kawo Faransanci daga baya domin kwatanci kawai. Makarantun gwaji masu harshe biyu da aka fara a Damagaram a 1973 an kafa su ne a kan cewa yaro yana koyon baƙon harshe bisa nasa. Dacewa ce a gwada wannan ƙa'ida a darasin Ingilishi na kwalejojin Magarya da Dungas, a auna kurakuran ɗalibai kafin gwajin da bayansa.