Anar: Muryar Na'ura, Begen Mutum

A wannan karo ba zancen gero ko albasa za mu yi ba, zancen kiɗa ne. Faifan da za mu duba sunansa Anar, na Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, ɗan jiharmu ta Tawa, bahago wajen kaɗa jita. Jitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin nan. A lokacin waƙoƙin fim ɗin Hausa ne ke tashe, kuma masu ɗaukar sauti sun saba sa muryar mawaƙi cikin wata na'ura da ake kira otutun. Aikinta na asali shi ne daidaita muryar da ta kauce. Amma in aka matsa mata, sai muryar ta sirance, tana rawa kamar sarewa. Haka aka yi wa Mdou. Harshen Tamajak ne, jita ta Abzinawa ce, amma ganga ta inji ce, murya kuma kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Ba a kai faifan kasuwa ba. Daga salula zuwa salula ya yi tafiyarsa, ta hanyar Bluetooth da ƴan katunan waya, har ya ƙetare iyaka ya shiga Mali.

To, mi ya sa ya kama zuciyar mutane haka? Ni ga abin da na gani. Kiɗan nan ba na taro ba ne. Ba ya kiran mutum zuwa fili kamar kalangun biki ko gangar ƴan kokowa. Kiɗan dare ne, na mutum ɗaya da wayarsa a ƙirji. Gangar ba ta sauri, ba ta canzawa, jitar tana can baya tana maimaita kanta, muryar tana bisa ita kaɗai. Kun san kuwa ƙasar Adar ƙasar ƴan bida ce. In an gama girbi, samarin Barmu da garuruwan kewaye sai su ɗauki jaka, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Wanda ya taɓa kwana a rumfar wani a baƙon gari, yana tunanin gida, ba ya bukatar jin Tamajak kafin ya gane abin da muryar ke faɗi. Na ma lura cikin masu zuwa karatun dare wurina, waɗanda suka yi bida sun fi sauran yin shiru in an kunna irin wannan kiɗa.

Akwai masu kushe shi, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Waɗanda suka girma da jitar Abdalla Umbadugu ko ta Tinariwen suna cewa an ɓoye hannun makaɗi a bayan inji. Gaskiya ne jitar ba ta samu fili ba. Gaskiya ne kuma in ka ji waƙoƙin a jere, wasu suna kama da juna, har kunne ya gaji da gangar. Inda na rabu da su shi ne da suka ce na'urar ta kashe muryar. A'a. Mai bege ba da cikakkiyar murya yake magana ba. Rawar da na'urar ta sa wa muryar ta yi kama da ta wanda ke danne kuka, kuma wannan shi ne ƙarfin faifan gaba ɗaya.

Wani abin mamaki, kusan lokaci guda an yi irin haka a Ingila. A 2007 wani saurayi na birnin Landan da ake kira Burial ya fitar da faifai mai suna Untrue, cikin salon da suke ce wa dabsitef, kiɗan kwamfuta mai nauyi da duhu. Shi ma ya lanƙwasa muryoyi har ba ka tantance mace da namiji, ya cakuɗa su da ƙarar ruwan sama. Mutane suka so faifan ba su san fuskar mai shi ba sai a 2008. Mdou ma haka: sunansa ya tsaya a baya, waƙarsa ta yi gaba.

Bambancin yana wajen lada. Burial yana da kamfani tun farko. Mdou kuwa, wayoyin da suka yaɗa waƙarsa ba su biya shi ko dala ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine cikin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya nemi mai ita, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin salula da kamfaninsa Sahel Sounds ya buga a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe: fim a Agadas a 2015, yawon wasa a Turai da Amurka, faifan Afrique Victime a 2021.

Sai dai Turawa sun yaba Anar ne a kan wai baƙon sauti ne daga hamada. Mu kuwa ba baƙo ba ne wurinmu, sautin shagunan kaset ne da muke ji a kowace tasha. Rabon masu ɗaukar sauti na Sakkwato cikin yabon bai taka kara ya karya ba. Shi kansa Mdou ya aje na'urar murya, ya koma jitar lantarki mai tsawa, kuma da ita aka san shi a waje yau. Wannan kiɗa ne mai ƙarfi, ban musa ba, amma na fili ne da fitilu.

A 2014 Sahel Sounds ya buga Anar bisa faifan garmaho, shekara shida bayan ɗaukarsa. Nan Barmu dai har yanzu ban ga gidan da ke da abin kunna shi ba.