Ghulam ba kullum bawa ba ne: gyara ga masu fassara a cikinmu



A azumin da ya wuce mun zauna muna sauraren ɗalibanmu suna gwada fassara bayan la'asar. Da aka zo aya ta 24 a Suratut Ɗur, inda aka ambaci ghilman masu kewaya wa 'yan Aljanna, sai wani ɗalibi ya ce "bayinsu". Ba wanda ya gyara masa. Da muka tambaye shi inda ya samo, sai ya ce ai haka ya ji manya suna faɗa. Gaskiya ya faɗa, mu ma mun sha ji. Wannan kuskure ya zauna a bakin masu fassara da yawa a garuruwanmu: ghulam bawa, fata bawa, khadim bawa. Kalmomi uku, an zuba su a ƙwarya ɗaya.

To, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Asalin ghulam yaro ne namiji. Da ita aka yi wa Annabi Zakariyya bushara da Yahaya a Suratu Maryam, aya ta 7. Da ita aka yi wa Annabi Ibrahim bushara da ɗansa a Suratus Saffat, aya ta 101. Marayu biyun nan masu katanga a Suratul Kahfi, aya ta 82, su ma da ita aka kira su. Yanzu wa zai buɗe baki ya ce an yi wa Zakariyya bushara da bawa? Larabawa kan kira mai yi musu hidima ghulam, kamar yadda Bahaushe kan ce "yarona" yana nufin mai yi masa aiki. Amma aron ma'ana ne, wurin ne ke nuna shi.

Haka fata, asalinta saurayi. Samarin kogo da jam'inta aka kira su. A aya ta 60 ta Kahfi, wanda ya raka Annabi Musa tafiya shi ma fata aka ce da shi, kuma Jalalaini da ke hannun kowannenmu ya bayyana cewa Yusha'u ɗan Nun ne, mai bin Musa yana yi masa hidima yana ɗaukar karatu a wurinsa. Wannan ai almajiri ne, irin wanda mutanen Sudan ke kira huwar a halwa. Ba mu musun cewa fata kan zo da ma'anar wanda aka mallaka, kamar a Suratu Yusuf, aya ta 30. Amma inda Alƙur'ani ya so ya fito da bauta fili, kamar a Suratun Nahli, aya ta 75, sai ya kawo abd, ya haɗa ta da mamluk.

Ta ukun ita ce ta fi shafarmu a nan. A Larabcin littafi khadim mai hidima ne, ko ɗa ko bawa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ɗa ne daga Ansar, kuma ana kiransa khadim ɗin Manzon Allah, abin alfahari. Daga nan Hausa ta samo "hadimi". Amma a Larabcin kasuwar Sinnar da Wad Madani, khadim baiwa mace ake nufi, kuma zagi ne mai zafi. Yaranmu da suka tashi da harsuna biyu sai su karanta hadisi da kunnen kasuwa. Malami ya zama dole ya tsaya ya raba musu waɗannan biyun.

Hausa ba ta yi mana rowa ba. Muna da yaro, muna da bara da barori, muna da hadimi, muna da ɗan aiki, sannan muna da bawa. Bara yana hidima ne da yardarsa, in ya ga dama ya yi sallama ya tafi. Bawa mallakarsa aka yi. Mai fassarar da ya bar duk waɗannan ya riƙe bawa kaɗai, ba taƙaitawa ya yi ba, ragwanci ne.

Wani zai ce, Malam, duk wannan a kan kalma ɗaya? E, a kanta. Kakanninmu da yawa sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, wasu suka zauna tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru a bakin wannan kogi, wasu kuma hanyar hajji ce ta kawo su. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, hannuwansu na cikin waɗanda suka ciri audugar Jazira. 'Ya'ya ne, guminsu suka ci. Duk da haka mun san kalmar da ake jifan mazauna kambo da ita, kuma mun san ciwonta. Abin kunya shi ne mu ma, idan ɗayanmu ya sami hawasha ko shago, sai ka ji yana wasa da yaron aikinsa da ita. Yaron da ya ji a masallaci cewa duk mai hidima bawa ne, me zai hana shi maimaitawa a gona?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya hana ubangida ya kira ko da wanda ya mallaka da sunan bawansa, ya umarce shi da ya yi amfani da fata ko ghulam. Ku duba: kalmomin da Annabi ya zaɓa don ya ɗauke wa mutum ƙasƙanci, su ne muke mayarwa "bawa" a fassara. Mun warware abin da ya ɗaura ke nan.

Saboda haka, ɗalibai, kafin ku fassara ku duba wanda ake magana a kansa. In yaro ne ku ce yaro, in mai hidima ne ku ce hadimi ko bara, bawa kuwa sai inda aka mallaki mutum, ko inda aka jingina shi ga Ubangiji, kamar yadda muke ce wa baƙo "bawan Allah". Allah Shi ne Mafi sani, Ya yafe mana kurakuranmu.