Bindigar Ƙasar Ƙanƙara: Kada a Raba Ta da Saitin Ƙarfe

Yawancin bindigogin farauta da ake ƙerawa yanzu a Turai da Amurka sumul suke fitowa daga masana'anta. Babu 'yar ƙusar saiti a bakinsu, babu tsagar da ido ke leƙawa ta baya. Masu ƙera su sun riga sun yanke cewa duk wanda ya saya madubin hange zai ɗora, ko na'urar jan ɗigo mai aiki da batir, ko ma wadda ke nuna dabba da ɗumin jikinta cikin duhu. Wani har sai ya ciro waya ya duba manhaja kafin ya san inda zai ɗora saiti. Yayin ya kai Alaska da arewacin Kanada da Finlan, inda sanyi ke sauka digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili, kuma a ganina a can ɗin ne bai kamata a bi shi ido rufe ba.

Irin wannan sanyin ba ya barin komai a jikin bindiga yadda ya same shi. Man da ake shafa mata yakan yi kauri, kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, sai allurar da ke dukan gindin harsashi ta tafi a sanyaye. Ka ja kunama, ka ji ƙas, harsashi bai tashi ba. Shi ya sa mafarautan can suke wanke maikon tas kafin lokacin sanyi, su bar ƙarfen kusan a bushe. Albarushi ma ba ya ci da ƙarfin da yake ci da zafi, ga iska ta ƙara nauyi, don haka harsashin da aka daidaita saitinsa a watan Yuli zai faɗi ƙasa da inda aka nufa a watan Janairu, musamman idan da nisa.

Abin da ya fi cin baƙi shi ne ɗumi. Mutum ya shiga tanti ko ɗaki da bindigar da ta wuni a waje, nan take raɓa ta lulluɓe ta ciki da bai. Ya sake fita da ita, raɓar ta zama ƙanƙara ta riƙe sakata. Waɗanda suka san kan abin a waje suke barin ta kwana. To, idan ƙarfe zalla yana shan wannan wahala, ina ga gilashi da batir? Numfashi ɗaya ya isa ya rufe fuskar madubi da farar ƙanƙara. Batir yana zubar da ƙarfinsa cikin sanyi, wanda ya nuna cike da safe yana iya mutuwa kafin azahar. Maɓallan na'urorin kuma ƙanana ne, ba sa dannuwa da safar hannu mai kauri, wanda ya cire safar kuwa yatsunsa za su sandare cikin 'yan mintuna, fatar ma tana iya mannewa da ƙarfe.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce zaɓin mutanen da ransu ya rataya a kan bindiga a waɗannan wurare. Rundunar sa-kai ta Canadian Rangers, wadda ke sintiri a arewacin Kanada kuma da yawa daga cikin mutanenta 'yan ƙabilar Inuit ne, ta riƙe tsohuwar Lee-Enfield tun 1947 har kusan shekara 70, sai da kayan gyaranta suka yi wuyar samu. Da aka tashi sauya ta, ba mai sarrafa kanta aka ba su ba. C19 aka fara raba musu a 2018, wadda kamfanin Colt Canada ya ƙera bisa tsarin Tikka ta Finlan, ita ma da hannu ake ɗana ta harsashi bayan harsashi. An ƙara girman mariƙin sakatarta da zoben da ke kewaye da kunama don mai safar hannu, an tsara ta ta yi aiki har a digiri 51 ƙasa da sifili. Akwai wurin ɗora madubi ga mai so, amma saitin ƙarfe yana nan daram a jikinta.

'Yan sintirin Sirius na Denmak sun ma fi haka tsauri. Bibbiyu suke fita da keken da karnuka ke ja, suna yin watanni a arewa maso gabashin Girinlan ba tare da sun ga gari ba, kuma bindigar da suka daɗe suna riƙewa saboda farar dabbar beyar ita ce M1917, ƙirar Amurka ta zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba talauci ya hana Denmak saya musu sabuwa ba. Sun gwada sun ga wannan ce ba ta ba da kunya idan beyar ta taso.

Ko a fagen wasa haka abin yake. A gasar gudun kan dusar ƙanƙara haɗe da harbi, wadda ta shiga Olamfik a 1960, doka ba ta yarda da madubin da ke kusanto da abu ba. Ta 'yar huda ɗan wasa ke leƙawa, zuciyarsa na dukan uku-uku saboda gudu, ya sami da'ira mai faɗin santimita 4.5 daga nisan mita 50 idan a kwance yake, ko 11.5 idan a tsaye. Kafin kowace gasa sai sun sake daidaita saiti da iskar ranar da sanyinta, idan kuma sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili ba a fara gasar.

Masu son na'urori suna da tasu gaskiyar, kuma ba ƙarama ba ce. A can arewa rana takan yi makonni ba ta fito ba, ƙusar saiti kuwa ba ta ganuwa a duhu. Dattijon da idonsa ya fara rauni madubi ne ke ba shi damar ci gaba da ciyar da gidansa. Madubi mai kyau yana sa harsashi ya shiga inda dabba za ta faɗi nan take, maimakon ta gudu da rauni ta mutu a wahale, kuma wannan abu ne da nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Madubin zamani ana cika cikinsa da iskar naitirojin don kada ya yi hazo ta ciki, batirin litiyom kuma ya fi na da jure sanyi nesa ba kusa ba.

Duk wannan dalili ne na ƙara madubi a kan saitin ƙarfe, ba na cire saitin ba. Abin da ke damuna shi ne matashin da ya fara harbi da jan ɗigo, bai taɓa jera ƙusa da tsaga a kan abin hari ba, sannan ya tafi wuri irin tsibiran Svalbard na Norwe, inda hukuma ta wajabta wa mai fita bayan gari ya riƙe abin korar beyar, ta kuma ba da shawarar ya haɗa da bindiga. Beyar ba daga mita 300 take zuwa ba, kusa take bayyana, sau da yawa cikin guguwar dusar da ta riga ta toshe gilashi.

Don haka ina ganin duk bindigar da za a sayar don ƙasar ƙanƙara ta zo da saitin ƙarfenta, madubin kuma a ɗaura shi da mariƙin da ake kwancewa da hannu ɗaya ba tare da an cire safa ba. Masu koyar da mafarauta su ma su fitar da ɗalibansu fili a tsakiyar Janairu, da kayan sanyinsu a jiki, su yi harbi da madubi, sannan a kwance shi su sake.