"Iri Mai Jure Cuta": Wace Cutar Ake Nufi?

Mai karatu, in ka taɓa sayen irin tumatir a kasuwar Zuru, ƙila mai shago ya ce maka, "Wannan ai yana jure cuta." Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin magana ya faɗa, kuma ragowar rabin shi ke cinye jarin manomi.

Ɗauki Cladosporium fulvum, naman gwarin da ke sa ɗigon rawaya a saman ganye, ƙasan ganyen kuma ya yi fumfuna idan laima ta yi yawa. A 1991 ayarin Pierre de Wit a Wageningen ta ƙasar Holan suka ware ƙwayar gadonsa mai suna Avr9. A 1994 ayarin Jonathan Jones a Norwich ta Ingila suka ware Cf-9 a tumatir. Avr9 na sa naman gwarin fitar da wani ɗan furotin. Tumatir mai Cf-9 yana gane furotin ɗin, sai ya kashe ƙwayoyin ganyensa na wurin don kada cutar ta yaɗu.

Aiki ne na a yaba. Sai dai binciken ya kuma nuna cewa akwai nau'o'in naman gwarin da suka rasa Avr9 ɗungurungum. Tunda babu abin ganewa, Cf-9 ba ya tsinana komai a kansu. Kenan jurewar ta dogara ne da nau'in da ke gonarka.

Matsala ta biyu ta fi girma. Wannan cutar ta fi addabar tumatir na ɗakin gilashi. A filin damina kuwa, wadda ke fara busar da ganyen ƙasa da tabo mai zobe-zobe, galibi Alternaria ce, kuma jure mata yana zuwa ne daga ƙwayoyin gado da yawa, kowacce da ɗan taimakonta. Cf-9 ba ruwansa da ita.

Don haka kafin ka biya, tambayi mai shago sunan cutar, ka duba ledar: HR jurewa ce mai ƙarfi, IR matsakaiciya, kuma kowacce na tare da sunan cutar da ake nufi. Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru kuma, tattara ganyen gonakin Dabai da Fakai a tantance nau'o'in da ke cikinsu aiki ne da ya dace da ita.