Daga Gimbana Zuwa Kasuwar Jega: Ƙagaggen Tarihi Don Yara

Ɗalibin Jega, Aliero ko Maiyama yakan haddace jihadi a matsayin jerin shekaru: hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙin Tabkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Alhali tartsatsin da ya tayar da gobarar a bayan gidansu ya faɗi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa. Aka kashe na kashewa, aka ɗaure sauran, aka nufi Gobir da su. Da ayarin ya biyo ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Littafin tarihi yakan gama da wannan cikin layi biyu, ba ya tsayawa kan matar da aka fizge daga bakin turmi da goyo a baya, ko yarinyar da ta yi tafiyar kwanaki igiya na cin wuyanta, tana waigen inda aka bar kakarta. Wannan giɓin shi ne gonar marubucin ƙagaggen tarihi, kuma ta ƙofar iyali ya kamata ya shiga, domin yaro bai san zafin faɗuwar daula ba, amma ya san zafin rabuwa da uwa.

Adabinmu ya riga ya share hanya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar Hukumar Talifi ta 1933, labari ne na yaron da aka sace har ya tsinci kansa a ƙasar Larabawa, da uwar da ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta, ta ƙetare Sahara, ta gan shi a ƙarshe, ta cika. Uwar nan ce ƙashin bayan littafin. Sai dai yana da rauni: ya ɗauki bauta kamar fari ko annoba, ƙaddarar da ake haƙuri da ita, ya kuma ba Umar ubangida mai kirki har mai karatu ya manta ya tambayi wa ya sayar, wa ya saya. Wanda zai rubuta wa yaran Kabi a yau ba shi da uzurin tsallake tambayar.

Tarihin Jega ma ba zai bar shi ya tsallake ba. Abdussalamin da aka kwance mutanensa ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1817, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820 ƙarƙashin Gwandu, garin ya bunƙasa ya zama babbar kasuwar fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro. A kasuwar akwai tufafi da gishiri da dawaki, akwai kuma bayi, yayin da yaƙin Gwandu da Kabawan Argungu ya ci gaba shekara da shekaru. Ke nan garin da zuriyar waɗanda suka ɗanɗana igiya suka kafa ya zama wurin da ake cinikin masu igiya. Labarin da ya raba mutane gida biyu, jarumai can azzalumai can, ya yi wa yaro ƙarya ko da kowace shekara da ke ciki daidai take. Wanda ya bi iyali guda daga Gimbana zuwa rumfar dillali a Jega, kaka ta sha ɗauri jika yana ƙirga wuri, shi ya faɗi gaskiya.

Za a ce wannan tonon silili ne, tunda har gobe ana binciken asali kafin a ba da aure, kalmar bacucane kuma tana zubar da hawaye. Damuwar gaskiya ce, don sai a 1936 doka ta soke bauta baki ɗaya a Arewa, zamanin kakanni ke nan. Amma gorin yana yawo ne tun ba a rubuta komai ba, kuma yaron da ya kwana uku cikin zuciyar baiwa mai tara kuɗi don ta fanshi kanta da wuya ya sake zagin wani da asali. Za a kuma ce taɓa wannan rashin ladabi ne ga shugabannin jihadi. Su da kansu ba su yi shiru ba: bautar da Musulmi na cikin abin da Shehu ya tuhumi sarakunan Hausa da shi, Abdullahin Gwandu kuwa ya taɓa barin rundunar ya nufi gabas don takaicin yadda son duniya ya shiga jama'a. Masu cewa yara sun yi ƙanana su tuna ɗaliban da aka kwashe daga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a 2021. Yaran Kabi sun san satar mutane, sun ji ana cinikin kuɗin fansa.

Iyakar da marubuci zai kiyaye ita ce ya ƙagi yarinyar da kakarta da ƙwaryar da ta fashe a bakin rijiya, amma kada ya sa wa Shehu ko Buhari maganar da ba su yi ba, kada kuma ya jingina bauta ga wani gida da ake iya nunawa da yatsa a Jega ta yau.