Maganaɗisu a Cikin Motar Fangio: Nazarin Tseren Ƙananan Motocin Tsaga

A shekarar 1957, a wajen baje kolin kayan wasan yara na garin Harrogate da ke Ingila, wani mai ƙaramin kamfani, Fred Francis, ya fito da motoci biyu na gwangwani, kowace ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, suna zagaya titin roba da ƙarfin lantarki. Ɗaya Maserati 250F ce, ɗaya Ferrari 375. Ya raɗa wa abin suna Scalextric. Ba shi ya fara ba, don kamfanin Lionel na Amurka ya sayar da irinsu tun 1912, amma daga kansa wasan ya zama ruwan dare a gidajen Ingila. A lokacin Maserati ɗin ba tsohuwar mota ba ce. A cikinta Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina, ya ci kambun duniya karo na biyar a wannan shekarar. Yaron da aka saya wa ita, motar yayi aka saya masa. Yau yaron ya haura saba'in, motar ta zama kayan tarihi, wasan kuma ya koma hannun masu furfura da suka fi ƙaunar motocin jiya a kan na yau.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Kowane layi na titin yana da siririyar tsaga a tsakiya, da ƙarfe biyu a gefenta masu ɗauke da wuta, galibi bolt 12 zuwa 15. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshen roba da ke shiga tsagar, da kitsattsiyar waya guda biyu da ke shafar ƙarfen suna kai wuta ga ɗan injin. Direba yana tsaye a gefe riƙe da abin sarrafawa mai kunama irin ta bindiga. Ya matsa, mota ta ruga. Ya saki, injin ya koma janareto ya riƙe kansa, birkin ke nan. Babu sitiyari. Gwanintar duka tana cikin yatsa ɗaya: yaushe za ka saki kafin kwana, yaushe za ka sake matsawa. Ka makara da ƙiftawar ido, harshen ya fice daga tsaga, mota ta yi waje. Ma'aunin da ya fi yawa shi ne 1:32, inda Porsche 917 mai tsawon mita 4 da ɗoriya ke dawowa kimanin santimita 13.

Mutum uku ne ke zaune cikin wannan sha'awa, sau da yawa a jikin mutum guda, kuma ba sa ga-maciji: mai tarawa, makaniki, da direba.

Mai tarawa kwali yake so. Motar da ba a taɓa fitarwa daga akwatinta ba ita ce zinariyarsa. Abin da ya fi nema shi ne wanda ba a yi da yawa ba, kamar Bugatti Type 59 da Scalextric ya fitar a farkon shekarun 1960, ko kunshin James Bond na 1967 mai Aston Martin. Zamani kuwa ba ya ƙyale shi. Tsohuwar robar bodi kan fitar da tabo ruwan ƙasa, tayoyi su bushe su tsage, shasin magniziyam na motocin Cox na Amurka ya ci tsatsa ya yi fari. Ban raina aikinsa ba, don ba domin irinsa ba da yawancin waɗannan motoci sun tafi juji tun kafin 1980. Sai dai yaron Kano ko Damagaram da ya taɓa lanƙwasa motar langalanga ya san abin da mai tarawa ke mantawa: ba a sanin mota sai an tura ta.

Makaniki kuwa da zarar ya karɓi sabuwar mota sai ya kwance ta. Aikinsa na farko taya ne. Yakan manne ta a jikin wili, ya kunna inji, ya ɗora ta a kan sanfefa har ta zama da'ira sak, don tayar da ta ɗan karkace takan sa mota tsalle a kwana. Ya zaɓa tsakanin roba da yuretan da silikon gwargwadon fuskar titi. Ya sassauta sukurorin bodi kaɗan, don shasi ya sami sararin yin numfashi. Ya duba haƙoran giya: ƙarama mai haƙori 9 da babba mai 27 suna ba da juyi uku na inji a kan juyi ɗaya na taya, ka canza ɗaya ka sami gudu a miƙaƙƙen titi ka rasa birki. Ya duba kwanciyar injin, ko a tsaye yake bin tsawon mota, ko a gicciye kusa da tayoyin baya, ko a karkace. Sannan ya yanki 'yar dalma, giram biyu ko uku, ya liƙa a inda mota ke bukatar nauyi. Kamfanonin Italiya irin su Slot.it da NSR a kan wannan mutum suka gina kasuwarsu, suna sayar da wili na alminiyam da giya da sandar taya ɗai-ɗai.

Inda ukun ke rabuwa da gaske shi ne maganar maganaɗisu. Ƙarfen da ke gefen tsaga a titin roba na kasuwa yana jan maganaɗisu, don haka kamfanoni suka riƙa liƙa guda a cikin motar, ya manne ta da titi. Ta fuskar ciniki dabara ce mai kyau: yaro ya buɗe kwali ranar Kirsimeti, ya danne kunama, mota ba ta faɗi ba, kowa ya yi murna. Lokacin da kamfanin Fly na Sifaniya ya fito a 1996, ya biyo baya da Porsche 917 da 908 da Ferrari 512S da Lola T70 masu fenti da fitilu da direba kamar hoto, ya jawo dattawa da yawa suka dawo wasan. Amma ƙarƙashin wannan kyau akwai maganaɗisu mai ƙarfi.

Ga matsalar. Motocin Formula 1 ba su fara ɗaura fiffike ba sai 1968, Chaparral 2E ta Amurka ta riga su da shekara biyu. Dabarar sa iska ta tsotse mota ƙasa kuwa sai da Lotus 78 a 1977 ta kankama. A zamanin Fangio motar tsere siraran tayoyi ne da inji mai ƙarfi da jarumtaka. Maserati ɗin Fangio ba ta manne wa titi, sulɓewa take yi, kuma a cikin sulɓin nan gwaninta take. Ka sa wa ƙaramar 250F maganaɗisu, ka ba ta abin da babbar ba ta taɓa samu ba. Takan riƙe kwana ƙam, ta riƙe, ta riƙe, sai farat ɗaya ta tsinke ta tashi sama ba gargaɗi. Ka cire shi, ka sa dalma, sai ka ga baya yana ɗan fita a kwana, yana gaya wa yatsanka cewa an kusa iyaka, ka sassauta ya dawo. A ganina wannan ne kaɗai wurin da ɗan abin wasan ke faɗin wani abu na gaskiya game da tsohuwar motar da ya kwaikwaya. Fenti kowa na iya bugawa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke sassaƙa titinsu a jikin katako su shimfiɗa tef na tagulla, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, gardama ta ƙare. Zan yi wa Porsche 956 ta 1982 uzuri, don ita an gina cikinta ne domin iska ta danne ta, maganaɗisu bai yi mata ƙarya sosai ba.

Lissafi ma yana goyon bayan masu rage gudu. Ƙaramar motar da ke cin mita 5 a daƙiƙa tana yin kilomita 18 a awa. Ninka da 32, ka sami 576. Motar da ta fi kowace gudu a tarihin tseren Le Mans, WM mai injin Peugeot, kilomita 405 aka rubuta mata a 1988. Ke nan yawancin motocin kwali suna gudun da ido ba ya iya karantawa a matsayin mota.

An taɓa bin gudu har ƙarshensa, an ga inda ya kai. A tsakiyar shekarun 1960 Amurka ta cika da zaurukan haya, dubbansu, masu manyan tituna irin Blue King mai layi takwas da tsawon ƙafa 155. Da farko motocin Cox da Revell da Monogram kamannin Chaparral da Ferrari suke da shi. Sai gwanaye suka fara sake naɗa wayar inji, suna hura bodi marar nauyi da bai yi kama da kowace mota ba. Yaron da ya zo da motar kanti ya ga ba shi da rabo, ya daina zuwa. Kafin 1970 yawancin zaurukan sun rufe. Akwai wasu dalilan, amma wannan ne aka fi ambata. Zuriyar waɗancan motoci tana nan, tana zagaya Blue King cikin ƙasa da daƙiƙa 2, abin mamaki ne ƙwarai, amma ba kwaikwayon kowace mota ba ce.

Dokokin ajin tsofaffin motoci martani ne ga wancan tarihi, ko masu rubuta su sun sani ko ba su sani ba. Ana iyakance faɗin taya, da juyin inji, da shekarun da motar ta asali ta yi tsere, a hana maganaɗisu. Kowane direba sai ya bi kowane layi bi da bi, tunda layin waje da na ciki ba ɗaya ba ne. Wato da gangan ake ɗaure gudu domin kamanni ya rayu.

Duk da haka akwai abubuwan da ba za su taɓa shiga tsagar nan ba, kuma bai kamata masu sha'awa su ruɗi kansu ba. Fangio da tayoyi huɗu yake sulɓi, ƙaramar motar kuwa hancinta a ɗaure yake, baya kaɗai ke lilo. Direban gaske yana zaɓar inda zai yanki kwana da inda zai wuce abokin hamayya, a nan layinka layinka ne. Tsarin dijital da ya shigo a 2004 ya ba da damar canza layi da zuba motoci har shida a titi mai layi biyu, amma a wuraren da aka tanada kawai. Hatta fentin ma ana yi masa tiyata: dokokin hana tallan taba sun sa Porsche mai launin Rothmans da Lotus baƙa mai ruwan zinariya ta John Player Special kan fito daga masana'anta ba sunan, masu naci su nemo sitika su liƙa da kansu.

Babban gibin shi ne mutuwa. Launin shuɗi da lemo na Gulf da fim ɗin Le Mans na Steve McQueen ya shahar a 1971 yana cikin waɗanda aka fi nema. Manyan direbobi biyu na Porsche 917 masu wannan launi, Pedro Rodríguez da Jo Siffert, duka sun mutu a tsere a wannan shekarar, ɗaya a Norisring cikin Yuli, ɗaya a Brands Hatch cikin Oktoba. Mercedes 300 SLR, wadda ake ƙera ƙananan kwafinta da ƙauna, irinta ce ta faɗa cikin 'yan kallo a Le Mans a 1955, mutum fiye da 80 suka rasu. A kan titin katako hatsari daƙiƙa uku ne: mai tsaron kwana ya miƙa hannu, ya mayar da mota cikin tsaga. Ba laifi ba ne, rahama ce ma. Amma zamanin da ake kewa a nan an wanke shi tas.

Akwai wani salon gasa da ya fi burge ni, don ya tilasta wa mutum ukun nan zama a tabarma ɗaya. Kowa ya gina motarsa bisa doka, ya sa a kwali, ya aika ta gidan waya. Motocin su yi ta yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya, wani lokaci daga nahiya zuwa nahiya, baƙin direbobi suna tuƙa su a titunan da maginin bai taɓa gani ba. A wasu gasannin ana ba da maki na kamanni kafin a ƙirga zagaye. Motar da mai ita kaɗai ya san lagonta ba ta kai labari, haka wadda aka ƙawata ba a daidaita tayarta ba. Bayan watanni takan dawo gida da ƙarcen fenti, wani lokaci ba madubi ɗaya, tare da takardar sakamako.